Wutar MAINT REQD ta ƙi mutuwa bayan juye: yadda za ka kashe ta da hannunka

Wani malamin makaranta daga Jega ya aiko da tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2010, 'yar Amurka. Makon jiya na yi juyen baƙin mai a Birnin Kebbi, amma har yau akwai wata wuta ruwan ɗorawa a dashbod mai rubutu MAINT REQD, ta ƙi mutuwa. Wani yaro a gareji ya ce sai an jona kwamfuta, wani kuma ya ce in cire kan batir in mayar. Shin motar wata matsala gare ta? Kuma zan iya kashe wutar da kaina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa ilimi albarka. Ka kwantar da hankalinka, wannan wutar ba ta nufin motarka ta lalace, kuma za ka kashe ta da yatsa ɗaya kana zaune a ƙofar gidanka, ko sisin kwabo ba za ka kashe ba. Ba a buƙatar kwamfuta, ba a buƙatar taɓa batir. Na daɗe ina aikin wutar mota a nan Birnin Kebbi, kuma da wuya mako ya wuce wani bai shigo da wannan tambayar ba, wani ma har fuskarsa ta canja don tsoro.

Bari in fara gaya maka abin da wutar take, don idan ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Rubutun nan taƙaitaccen Turanci ne, ma'anarsa lokacin sabis ya yi. A motarka babu wata na'ura da ke leƙa cikin inji ta ɗanɗana mai ta ce ya tsufa. Lissafi kawai motar take yi, kamar mai jan carbi. Tun daga ranar da aka mayar da lissafin sifili, tana ƙirga tafiyar da tayoyi suka yi. Idan ta kai mil 4,500, duk lokacin da ka murɗa makulli wutar za ta ɗan yi ƙyaftawa na wasu daƙiƙoƙi ta mutu, wato tana ce maka ka fara shiri. Idan ta cika mil 5,000, kusan kilomita 8,000 ke nan, sai ta kama ta zauna. To da aka yi maka juye, an kwance noti an zubar da tsohon mai, an zuba sabo, amma ba wanda ya gaya wa mai lissafin. Shi yana nan a kan ƙirgarsa ta da. Aikin wanda ya yi juyen ne ya mayar da shi sifili kafin ya miƙa maka makulli, ya manta ko kuma bai sani ba.

Ga yadda za ka yi a Corolla ɗinka. Ka zauna a kujerar direba, mota a tsaye, giya a P. Murɗa makulli zuwa inda duk fitilun dashbod suke kamawa, amma kada ka tayar da inji. Dubi ɗan allon da ke nuna tafiyar mota, akwai wani siririn maɓalli da ya leƙo daga gilashin mita. Ka riƙa danna shi har rubutun ya nuna TRIP A. Sai ka kashe makullin gaba ɗaya. Yanzu danna wannan maɓallin ka riƙe shi, kada ka saki, da ɗaya hannun ka sake murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, nan ma ban da tayar da inji. Za ka ga wasu 'yan layuka sun fito a allon suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, daga nan sifili ya jeru, wutar ta mutu. Abin bai wuce daƙiƙa goma ba. Sai ka saki maɓallin, ka kashe makulli, ka tayar da mota kamar kullum ka duba.

Idan ka yi bai yi ba, yawanci ɗayan abu biyu ne. Ko dai ka saki maɓallin kafin layukan su gama ɓacewa, ko kuma allon ba a kan TRIP A yake ba lokacin da ka kashe makulli. Kuma a nan ne mutane da yawa suke rikicewa, don Toyota ta canja tsari a tsakiyar hanya. Tsofaffin, kamar Corolla ta kafin 2009 da Camry wadda ake kira Big Daddy, a kan ODO ake barin allon, wato jimillar tafiyar mota. Camry Muscle, daga 2007, da Corolla irin taka, su TRIP A suke so. Wanda bai tabbatar da shekarar motarsa ba ya gwada ɗaya, in bai yi ba ya gwada ɗayan, babu abin da zai lalace. Masu motar da ake tayarwa da maɓalli maimakon makulli, su danna maɓallin tayarwa sau biyu ba tare da sun taka birki ba, wannan shi ne daidai da murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa. Sababbin kuwa masu allo mai launi a tsakiyar mita, ta maɓallan jikin sitiyari ake shiga sashen saituna, a nemo wurin sabis, a tabbatar.

Tunda na san ba masu Toyota kaɗai za su karanta wannan ba, bari in taɓa sauran motocin da suka cika titunanmu.

Honda Accord wadda ake kira EOD, ta 2003 zuwa 2005, kusan hanya ɗaya ce da Toyota: makulli a kashe, ka danne maɓallin mita, ka murɗa makulli, ka ci gaba da riƙewa kamar daƙiƙa goma har wutar ta mutu. Daga 2006, wato Accord ɗin da ake kira DC da waɗanda suka biyo bayanta, Honda ta kawo wani tsari daban wanda ya fi wayo. Ita ba tafiya kaɗai take ƙirgawa ba, tana duba yawan juyawar inji da zafinsa da irin tuƙin da ake yi, sai ta nuna maka sauran ƙarfin mai a matsayin kaso cikin ɗari. Idan ya sauko 15 sai hoton sifana ya fito, a 5 tana cewa a yi sabis yanzu, a sifili kuwa lokaci ya wuce. Wajen mayar da shi, ka murɗa makulli, ka danna maɓallin har kason mai ya bayyana, ka danne kamar daƙiƙa goma har lambar ta fara ƙyaftawa, ka saki, ka sake dannewa kamar daƙiƙa biyar sai ta koma 100. Amma kafin ka share, don Allah ka karanta harafi da lambar da ke gefen sifanar, saboda saƙo ne. A na nufin canjin mai. B na nufin mai da filta da duba birki da ƙafafun mota. Lamba 1 sauya wa tayoyi wuri, 2 eya kilina da filtar iskar cikin mota, 3 man giya, 4 filogi, 5 ruwan lagireto. Na sha ganin wanda motarsa ta nuna B3, aka yi masa juyen baƙin mai kawai aka share, man giya kuwa ya ci gaba da tsufa ba wanda ya ƙara tuna shi, tunda mai tunatarwar an rufe masa baki.

Fijo, 406 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna da 206 da 307, hoton sifana suke nunawa tare da sauran kilomita. Makulli a kashe, ka danne maɓallin mita, ka murɗa makulli, za ka ga lissafi yana saukowa daga 10, idan ya kai sifili ka saki. Golf 4 kuwa, ka danne maɓallin mita, ka murɗa makulli, ka saki, sannan ka murɗa ɗan maɓallin saita agogo zuwa dama. Marsandi da BMW na baya-bayan nan kowace da nata tsari ta maɓallan sitiyari ko na mita, wasu kuma da gaske sai an jona na'ura. Saboda haka yaron da ya ce maka sai da kwamfuta wataƙila ya saba da irin waɗannan ne, amma a kan Corolla bai faɗi daidai ba.

Maganar cire kan batir kuwa, ka bar ta. A irin motarka lissafin sabis ba ya gogewa don an yanke wuta, za ka mayar da kan batir ka tarar da ita tana jiranka. Abin da za ka samu kawai shi ne agogo ya rikice, tashoshin rediyo su ɓace, wani lokaci silo ya riƙa rawa na ɗan lokaci kafin kwamfutar inji ta sake daidaita kanta. A Honda ma abin ya fi haka, don rediyon yakan kulle ya nemi lambar sirri, kuma motar da ta biyo ta Kwatano ta wuce hannu uku da wuya a sami katin da lambar take.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai, don duk abin da na faɗa a sama ƙaramin abu ne idan aka gwada da wannan. Wutar sabis daban, wutar baƙin mai daban, wutar cek daban. Mutanenmu da yawa sun haɗa su a kwando ɗaya, kowace ta kama sai a ce a je a kashe danja.

Wutar baƙin mai ja ce, hotonta kamar 'yar buta mai ɗigon mai a baki. Ita ba lissafi take yi ba, ƙarfin bugawar mai a cikin inji take aunawa. Idan ta kama kana cikin tafiya, ma'anarta man ba ya isa inda ya kamata, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. Ba a ce bari in ƙarasa Jega, ba a ce bari in kai gareji. Ka sauka gefen hanya ka kashe inji nan take. Ka jira 'yan mintuna man ya kwanta, ka zaro geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka duba. Idan man ya yi ƙasa, ka ƙara ka nemi inda yake yoyo. Idan man yana nan cif amma wutar ta ƙi mutuwa, to ko famfon mai ne, ko rariyar da ke cikin kaskon mai ta toshe da dauɗa, ko kuma ɗan suwic ɗin da ke aunawa ne ya mutu. Na ukun abu ne mai araha, amma ba za ka sani ba sai an auna, saboda haka janyo motar ake yi.

Akwai wani direban haya da ke bin layin Kamba, mutumin kirki mai iyali, wanda har yau idan na tuna shi raina yana ɓaci. Butar nan ta fara ƙyaftawa a motarsa idan tana silo, ya tsaya wani wuri a bakin hanya ya tambaya, aka ce masa ai wutar sabis ce, in ya sami sarari ya yi juye. Ya ɗauki fasinja ya ci gaba. Bai kai Bunza ba inji ya buga. Da muka buɗe, metal ya narke, karanshaf ya ci, rariyar mai kuwa ta toshe da wani baƙin abu kamar kwalta. Kuɗin da ya kashe a kan injin ya isa ya yi juye na shekaru. Kalma ɗaya ta wanda bai sani ba kuma ya ƙi cewa bai sani ba, ita ta jawo masa.

Wutar cek ita ce mai hoton inji, ruwan ɗorawa. Ita kwamfutar inji ce ta ga wani abu ba daidai ba ta ajiye lamba. Ba a kashe ta da maɓallin mita. Akwai wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, a nan ake jona na'ura a karanta lambar. P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda, P0171 iska ta fi fetur yawa, P0420 kuwa abin tace hayaƙi ne na cikin salansa, wanda 'yan gareji ke kira indomi, ko ya mutu ko an cire shi. Na'urar tana iya share lambar, wutar ta mutu, amma in ba a gyara sanadin ba za ta dawo bayan 'yan kwanaki. Wanda ya karɓi kuɗinka ya share kawai bai yi maka aiki ba. Idan kuma ka ga wutar cek tana ƙyaftawa ba tsayawa, inji na karkarwa, ka sassauta totur ka nemi gareji mafi kusa, don ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana ƙona abin tacewar.

To mu dawo kan taka. Sharaɗi ɗaya nake kafa wa duk wanda na koya wa wannan: kada ka mayar da lissafin sifili sai ranar da aka yi juye na gaskiya, mai da filta duka. Kai ka yi juye makon jiya, saboda haka ka kashe ta yau, 'yan kilomitocin da ka yi a tsakani ba su da yawa, sai dai ka riƙe a ranka cewa lissafin yana baya da mako guda. Abin da nake jin tsoro shi ne mutum ya koyi dabarar, wata ya yi nisa aljihu ba nauyi, wutar ta kama tana damun idonsa, ya danne maɓalli ya kashe ta da niyyar zai yi juye idan albashi ya shigo. Albashi ya shigo, ga kuɗin makaranta, ga taki, ga biki, wutar kuma ba ta nan balle ta tuna masa. Sai man da ya kamata ya fita a mil 5,000 ya kai 10,000. Na fi son ka bar ta tana ci maka ido har ranar da ka samu hali.

Sannan ka sani wanda ya tsara lissafin nan bai san Kebbi ba. Bai san ƙurar hunturu da ke rufe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba, bai san zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba, bai san hanyar gona ta fadama ba, bai san za ka bar mota tana silo da na'urar sanyi a kunne kana jiran iyali a kasuwa ba. Wannan na ƙarshen ma ka lura da shi: inji na aiki, mai na tsufa, amma tayoyi ba sa juyawa, don haka lissafin Toyota bai ƙaru da ko mil ɗaya ba. Littafin motar da kansa ya ware tuƙi a hanya mai ƙura da gajerun tafiye-tafiye da yawan silo a matsayin aiki mai tsanani, mu kuwa kusan kullum a cikinsa muke. Kuma littafin bai ce mil 5,000 kawai ba, cewa ya yi mil 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Wutar motarka ba ta ƙirga watanni. Malamin makaranta irinka, daga gida zuwa makaranta, sai Juma'a masallaci, sai jefi-jefi Birnin Kebbi, zai iya shekara bai cika mil 5,000 ba, wutar tana kwance abinta, man kuwa ya daɗe da gajiya. Kai wata shida za ka bi, ko wutar ta kama ko ba ta kama ba. Direban da ke zuwa Sakkwato ya dawo kullum, kusan kilomita 300 a rana, shi ko wata guda ba zai cika ba lissafinsa zai ƙare. Shawarata ga duk mai amfani da man gama-gari a wannan yanki namu, kada ya jira wutar, ya yi juye a wajen kilomita 5,000.

Wannan ya kawo ni kan wani kuskure da nake gani kullum a 'yar takardar da ake ratayawa a jikin sitiyari ko a manna a ƙofa. Motarka 'yar Amurka ce, mitarta mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mai juye ya dubi mita ya ƙara 5,000 ya rubuta, a ransa kilomita yake nufi, alhali ya ba ka kilomita 8,000. In kana son kilomita 5,000 a mitar mil, 3,000 da 'yan kai za ka ƙara. Ka dubi mitarka da kyau, za ka ga an rubuta MPH da manyan lambobi a agogon gudu, wannan ita ce shaidar mil take ƙirgawa.

Abin da ya fi duk wata wuta amfani shi ne ɗan littafi a aljihun mota. Ranar juye ka rubuta kwanan wata, lambar mita, irin man da aka zuba, da ko an canja filta. TRIP B ma, wato ma'aunin tafiya na biyu da ke bin TRIP A a allon mita, da ba kowa ke amfani da shi ba, ka mayar da shi sifili ranar juye ka bar shi, kullum zai nuna maka tafiyar da man ya yi. Game da irin mai, ka buɗe bonet ka karanta murfin da ake zuba shi, kamfani ya rubuta kaurin da injin ke so. Injin Corolla irin taka mai marar kauri aka yi shi da shi, yana da ƙananan hanyoyi da mai ke bi yana sarrafa lokacin buɗe bawul, 20W-50 da aka saba zuba wa tsofaffin motoci ya yi masa kauri. Ka sayi galan a rufe daga wurin da ka amince, ka tsaya a buɗe shi a gabanka, ka ga an kwance tsohuwar filta an ɗaura sabuwa. Motar ba ta da hanyar sanin man jabu aka zuba mata ko na kirki, duk lissafi ɗaya za ta yi musu. Eya kilina kuma a lokacin hunturu ka riƙa ciro ta kana dubawa tsakanin juye da juye, in ta toshe a canja, bugun ta a jikin taya ba ya mayar da ita sabuwa.

Tunda ka ga yadda kashe wutar yake da sauƙi, ka gane cewa duk mai sayar da mota ma ya iya. Ranar da kai ko wani ɗan'uwanka zai sayi ta hannu, rashin wutar sabis a dashbod ba shaidar komai ba ne. Ku zaro geji ku ga launin man, ku buɗe murfin mai ku haska ciki ku ga ko akwai baƙar dauɗa a manne. Sannan ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ku ƙirga fitilun: butar mai da hoton inji da na batir dole su kama a wannan lokacin, su mutu bayan inji ya tashi. Idan hoton inji bai kama ba sam, to akwai yiwuwar an cire ƙwan ko an liƙe shi ta ciki, sai a jona na'ura kafin a yi maganar kuɗi.

Ka gwada yau da yamma idan ka taso daga makaranta, Malam. TRIP A, kashe makulli, danne maɓalli, murɗa makulli, jira sifili. In ka yi sau biyu a TRIP A da sau ɗaya a ODO ba ta mutu ba, wataƙila maɓallin ne ya ƙi dannuwa saboda ƙura, ko kuma an taɓa canja mitar da ta wata mota, sai ka kai wa rewaya ya duba. Allah ya tsare hanya.